Jinin Buzu

Ko ƙasa ta rufe idona ba na jin zan manta ranar da na rasa maigidana a likitar Madawa, wato asibitin garin. Bayan yaƙin Nasara ne da ɗan kaɗan, muna zaune a Tama, ina goyon ɗanmu na fari.

Bijimi ne ya soke shi a cinya wajen rijiya. Wani Buzu makiyayi, wanda kakanninsa bayi ne, shi ya ɗaure raunin da rawaninsa, ya aza shi bisa raƙumi. Muka bi su, ni da ƙanen maigidana da baffansu, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu.

Da muka isa, leɓunan maigidana sun yi fari fat. Lokotoro, Baturen da ke duba majinyata, ya ce ta bakin tafinta sai an ƙara masa jinin wani, amma jini iri-iri ne, in aka sa wanda bai dace ba kashe shi zai yi. Aka soki yatsunmu, aka ɗiga bisa gilashi, aka gauraya da wani ruwa. Nawa bai dace ba, na baffa ma haka. Har na ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya guda kamar nono. Tafinta ya ce ba abin mamaki ba ne, kowane ɗa da rabon da yake ɗauka daga uwa da uba.

Buzun ya miƙa nasa yatsan ba wanda ya roƙe shi. Nasa ya dace.

Baffa ya tare ƙofa. "Jinin bawa ba shi shiga jikin ɗan gidanmu. Mi za mu ce ma mutane?"

Ban taɓa ɗaga ido na dubi surukina ba sai ranar. Na ce, "Baba, mutuwa yake yi."

Ya ce, "In kwanansa sun ƙare, sun ƙare. Ke yi shiru."

Buzun na tsaye, ya riga ya naɗe hannun riga. Lokotoro ya yi ta faɗa da harshensu, amma ya ce ba zai yi ba sai dangi sun yarda. Ni da na kwana na tashi da mutumin, ashe ba a lissafa ni cikin dangi. Ƙanen ya sunkuyar da kai. Kafin la'asar maigidana ya cika, kansa bisa cinyata.

A zaman makoki baffa ya riƙa ce wa masu gaisuwa, "Allah ya yi ikonsa." Na san ajali na Allah ne, amma da idona na ga wanda ya tare ƙofa. Yanzu na tsufa, haƙorana sun zube, har yau in na tuna zuciyata tafasa take.

Tun ranar na daina tambayar asalin mutum. Na ga jinin ɗan'uwa ya ƙi ɗan'uwa, na ga na bare ya dace. Abin da nake gaya wa jikokina ke nan: girman gidan da za a biya da ran mutum, a bar shi ya faɗi.