Yadda Na Koyi Kafe Mota

Shekara goma sha huɗu ina tuƙa babbar mota a dajin Arlit kafin wani ya tambaye ni takarda. Lokacin da uraniyom ke da daraja, kamfanin jigilar da nake wa aiki bai san wani abu wai shi permi, wato lasisin tuƙi, ba. Abin da ya sani shi ne ruwa da gazuwal, wato man dizal, su isa sansanonin masu haƙa, can wajen Imouraren da bayan Gougaram inda babu kwalta, mota kuma ta dawo da ƙafafunta. Da kasuwa ta faɗi, fari ya kwashe dabbobi, makiyaya suka cika bayan gari da bukkokin kwali, sannan tawaye ya taso sojoji suka dasa shinge a kowace hanya, sai kamfani ya tuna cewa yana son doka ƙwarai. Shef, wato shugaban garejinmu, ya tara mu ya ce za a ajiye rabin motoci, kuma duk direban da ba shi da permi na manyan motoci shi za a fara sallama. Ina da mata da ƴaƴa huɗu, garken mahaifina kuma ya ƙare tun bara. Idan aka sallame ni, daga ɗakin kamfani sai bukkar kwali.

Ban ji tsoron jarrabawar ba, kuma a nan na fara yin wauta. Na je mata da sabon rawani.

Mai jarrabawa ya zo daga Yamai, siririn mutum mai tabarau da biro uku a aljihu. Filin da aka ba shi yana bayan tasha, itace ɗaya tak ke cikinsa, wata tsohuwar ƙaya. Ya sa aka kai masa tebur inuwarta, aka kafa jan allon tsayawa, wanda ake kira sitof, daidai gabansa don ya ga tayoyi sun tsaya ba tare da ya shiga rana ba. Ban ga laifinsa ba, ranar Arlit ba ta san baƙo ba. Sai dai duk wanda ya tashi a nan ya san dalilin da ya sa itace ke rayuwa a wuri ɗaya ban da sauran fili: tsohuwar ƙorama ce ta bi ta nan, rairayinta laushi kamar garin tuwo. Mota mai nauyi idan ta tsaya a kansa, ta zauna ke nan.

Mu bakwai ne ranar. Na farko wani ɗan masu kanti ne da ya yi wata biyu a makarantar tuƙi a Agadas. Ya zo allo ya taka birki, ya ƙirga uku, ya ba ta wuta, mota ta tona wa kanta rami har cikinta ya taɓa ƙasa. Ni na kawo felu, wato shebur, da fallayen ƙarfen da muke shimfiɗa wa taya, ni na fitar da ita. Na biyu ma haka. Kafin a kira ni na tono motar nan sau shida, sabon rawanina ya koma tsumma, ina ta tausayin bayin Allah da suka zo daga nesa za su koma hannu banza.

Da aka kira ni, na yi baya tsakanin ganguna ban taɓa ko ɗaya ba. Na kewaya fili, na nufo allon. Na duba dama, na duba hagu, babu kowa sai wata akuya can nesa. Na rage gudu, na sa giya ta biyu, na bi ta kan rairayin nan a hankali ban bari taya ta huta ba, na fita ɗaya gefen lafiya lau. Direbobin tasha da suka taru kallo har da masu tafi. Na sauko ina ɗan gyara rawani.

Mutum shida suka ci, ni kaɗai na faɗi.

Na ce wa mai jarrabawa, "Mushe, ranka ya daɗe, waɗannan fa duk sun kafe."

Ya juyo mini da takardarsa ya bi layukan da biro. "Nuna mini inda aka rubuta kafewa. Babu. Ga inda aka rubuta ƙin tsayawa a sitof. Ka tsaya?"

"Da na tsaya da na kafe."

"Da ka ci," in ji shi. Ya ce zai dawo bayan wata biyu.

Kwana uku ban je tasha ba. Labari ya riga ni ko'ina, har mai nama ya tambaye ni ko in tsaya ya yanka mini ko kuwa in karɓa ina tafiya. Masu ba da shawara suka ce ai ɗan akuya ake kai wa irin waɗannan mutane. Na bincika, aka tabbatar mini mutumin ko shayi ba ya sha a gidan wanda zai jarraba. Duk ƙasar nan a rasa wanda za a turo mana sai mai gaskiya. Matata kuwa ba ta yi mini ta'aziyya ba. Ta ce ita tun ranar da aka kawo ta take gaya mini in tsaya, ban tsaya ba, gara da gwamnati ta faɗa da bakinta. Ta yi dariya ta shiga ɗaki, amma na ga ta fara tara kwalaye a bayan ƙofa, kuma na san ba don hura wuta ba ne. Wannan ya fi faɗuwar ƙona mini rai.

Shef ya ce zai jira dawowar mai jarrabawa, daga nan babu ƙari.

Na fara da littafi. Wani tsohon malamin lakkal, wato makarantar boko, da ke unguwarmu, wanda ko keke bai taɓa hawa ba, ya haddace littafin dokokin hanya daga bango zuwa bango. Kullum bayan la'asar ya zaunar da ni ya koya mini abin da zan yi idan jirgin ƙasa ya gitta, da yadda ake ɗaura wa taya sarƙa idan ƙanƙara ta rufe hanya. Na tambaye shi ko akwai shafin rairayi. Ya ce waɗanda suka rubuta littafin mutane ne masu ilimi, da rairayi yana da muhimmanci da sun saka. Na haddace jirgin ƙasa tsaf, har yau ban gan shi ba.

Amma matsalata ba a kai take ba, a ƙafa take. Na kafa sanda a wata ƙorama bayan gari, na ɗaura mata jan ƙyalle, na ce yau zan tsaya. Ina isowa sai in ga na wuce. Na sake, na wuce. Kaina yana cewa taka, ƙafata tana yin abin da ta saba. Sau tara na gwada ranar, ban tsaya ko sau ɗaya ba.

Dole na je wurin wanda ya lalata ƙafar. Maigidana, wanda ya koya mini tuƙi, Ba'abzine ne da ya yi madugun ayarin raƙuma kafin ya kama sitiyari. Kamfani ɗaya muke, shi ma ba shi da permi, kuma ranar da shef ya yi sanarwa ya faɗa gaban kowa cewa ba zai zauna yaro mai biro ya auna shi ba. Shekarun da na yi a gefensa, yana da wata ƴar sandar kora raƙumi da yake ajiyewa a kan cinya. Idan ƙafata ta doshi birki a kan rairayi, sai in ji ta a ƙeya. Na same shi yana dafa shayi a gindin motarsa, na ba shi labarin sandata da jan ƙyalle. Ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

"To, Baba, ya zan yi?"

Hausarsa irin ta mutanen dutse ce, komai namiji ne a bakinsa. "Ka sace iskan taya. Mota shi tsaya, shi tashi."

Na ce mai jarrabawa yana zagaya mota ya harbi kowace taya da takalmi kafin a fara, mai laushi faɗuwa ce. Ya ce a zuba ruwa a wurin da sassafe ƙasa ta kama. Na ce na kawo wa matata wannan shawara, ta ce ranar da na zuba ruwa a rairayi mutane suna layin famfo tun asuba, in nemi wata matar tare da permin. Ya daɗe yana juya shayi daga kofi zuwa buta.

"Ke nan sai an kafe."

"Sai an kafe, Baba."

"Kawo mota gobe."

Ya zo da sandar. Ya zauna a gefena, muka nufi jan ƙyalle, na wuce, na ji ta a ƙeya daidai inda take sauka shekara goma sha huɗu da suka wuce. Ina da furfura a gemu, ina da ɗiya da ta isa lakkal, ga ni ana dukana don in yi abin da aka dake ni in bari. A rana ta uku ƙafata ta sallama. Na taka, na ƙirga uku, na ba ta wuta, na ji bayan motar yana nutsewa a hankali. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba, ko da yake babu mai kallo sai shi. Ya leƙa ta taga ya dubi tayar.

"Bai yi kyau ba. Ka yi shi kamar kana jin tsoro. Sake."

Haka muka yi makonni. Mu kafe, mu tono, mu kafe. Shi da ya tsufa yana riƙe fallen ƙarfe, ni ina felu. Makiyayan da ke bukkokin kusa suka fara zuwa kallo, wani dattijo a cikinsu ya tambaye ni cikin ladabi ko wani abu muka binne a wurin muka manta. Sojojin shinge ma sun zo sau ɗaya, don an kai musu rahoton wasu mutum biyu masu rawani suna tone-tone a bayan gari. Da muka yi musu bayani, babbansu ya ce wannan ƙarya ta yi wauta da yawa, dole gaskiya ce.

Wata rana muna hutawa a inuwar mota na ce masa, "Baba, kai ma ka iya yanzu. Ka zo mu yi tare."

Ya ce, "Ni ban iya ba. Kai na koya wa." Na sake buɗe baki, ya miƙo mini kofin shayi, na gane an rufe maganar.

Mai jarrabawa ya dawo da biro ukunsa. Itacen bai ƙaru ba, don haka tebur da allo suka koma inda suke. Duk direbobin tasha sun fito, har da waɗanda ba sa gaisawa da ni. Ya tambaye ni jirgin ƙasa, na ba shi jirgin ƙasa. Na yi baya tsakanin ganguna, na kewayo, na tsaya cak a gaban allo, na ƙirga uku da ƙarfi don ya ji, na ba ta wuta. Ta nutse har ƙofa ta kusa taɓa ƙasa. Babu wanda ya yi tafi. Mai jarrabawa ya taso da kansa, ya shigo rana, ya miƙo mini hannu ta taga ya ce ya ji daɗin ganin yadda na gyaru, irina ne ke sa mutum ya san aikinsa yana da amfani. Na yi masa godiya. Na sauko na ɗauko felu.

Da takardar ta fito na kai wa shef. Ya duba ta gaba da baya, ya ce madalla, na tsira. Sai dai motata tana cikin waɗanda za a ajiye, ta tsufa, za a ba ni wata. Ya buɗe aljihun tebur ya ajiye mini makulli. Igiyar jan fata ce a jikinsa, saƙar Abzin, ta yi baƙi saboda hannu. Makullin motar maigidana ne. Na tsaya ina kallonta. Shef ya ce an sallami masu sallama tun jiya, in ɗauka mana, ko ina jiran a ƙirga mini uku ne.

Na ɗauka. Da zan ce na yi gardama da na yi ƙarya, ƴaƴana huɗu ne.

Na sami maigidana ya riga ya ɗaure kayansa, tabarma da buta da buhu guda. Ya ce zai koma wajen ƙanensa a Gougaram, akwai ƴar rijiya da ba ta ƙafe ba tukuna. Ya ga makullin a hannuna. Na fara wata magana da ban san inda za ta ba, ya katse ni.

"Giya na uku yana fita a gangara, ka tokare shi da gwiwa. Kada ka ba shi ruwa yana da zafi. Jibi kana da kaya wajenmu, ka sauke ni a hanya."

Jibin muka bi ayarin sojoji muka fita gari. Ya zo ta ƙofar direba bisa sabo, ya kama marfin, sannan ya saki ya zagaya. A tawa motar ya sha zama a gefe, a tasa bai taɓa ba. Ya ɗora hannuwa a kan gwiwa, ya sauke, ya kama ƙarfen taga, ya sake mayar da su kan gwiwa. A gangaren farko giya ta uku ta fita, na ga hannunsa ya taso ya tsaya a iska, sannan ya koma. Na tokare ta da gwiwa, ya juya yana kallon waje, har muka isa bai ƙara duban sitiyarin ba.