Matar da Ta Hana Pyo Zuwa Ba da Haƙuri

Ƙarfe bakwai da rabi Madam Byeon Ok-ja take buɗe ofishin lauya da ke saman shagon gyaran farce a titin Northern Boulevard, cikin unguwar Flushing a Amurka. Ta ɗora shayin sha'ir, ta jera fayilolin ranar, ta zauna a teburin bakin ƙofa. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ba lauya ba ce. Samujang ce, mai kula da ofis, kuma tafinta. Ranar Juma'a za ta ajiye aiki.

Tambayar da mutanenmu 'yan Koriya suka fi yi mata ɗaya ce: "Lauyan Bature ne?" Mun ɗauka alƙali ya fi sauraron farar fata. Mun ɗauka lauya ɗan Koriya zai kai sirrinmu coci ranar Lahadi. Su ma lauyoyin suna da tasu, wai mutuminmu ba ya faɗin gaskiya sai an isa ƙofar kotu. A tsakanin waɗannan zarge-zarge take zaune.

Watan jiya Pyo Sang-cheol, mai shagon wanki da guga a Bayside, ya hau matakalar. Ya yi cacar baki da wani abokin ciniki kan riga, ya ture shi, mutumin ya faɗi ya karye a hannu. Kotu ta saki Pyo da sharaɗi: kada ya kusanci mutumin, kada ya kira shi, kada ya aika. Pyo katin zama gare shi, bai zama ɗan ƙasa ba. In shari'ar ta ɓaci, zamansa na shekara ashirin da shida a nan yana iya ƙarewa.

Ya dubi lauyar, Esther Ryu, 'yar Koriya haihuwar nan Queens, ya juya wurin Madam Byeon.

"Wannan ai sa'ar 'yata ce. Ina babban?"

"Ita ce babban, Maigida."

"Koriyancinta kamar na 'yar firamare."

"Alƙalin ma bai kai ta ba. Zauna."

Lauya ta bayyana masa sharaɗin sau biyu, ya gyaɗa kai, ta ɗauka ya ji. Madam Byeon ba ta ɗauka ba. Ranar Asabar da safe ta kira matarsa, aka ce ya sa kwat ya fita sayen 'ya'yan itace. Ta hau bas. A filin ajiye motoci na kasuwa ta same shi yana saka kwalin tuffa a bayan mota. Mai sayar da tuffar ya ji abin da aka faɗa.

"Bikin wa ake yi, Maigida?"

"Mutum na ji wa ciwo. Zan je in rusuna in ba shi haƙuri, haka ubana ya koya mini. Yarinyar nan lauya ba za ta gane ba, ta zama Ba'amurkiya."

"Ta gane. Ɗan sanda ne ba zai gane ba. Ka taka ƙofar gidan nan, yau a tsare za ka kwana, kuma a rubuta cewa shaida ka je saya da tuffa."

"To in zauna kamar marar kunya?"

"Ka rubuta haƙurin naka. Lauya ta riƙe, ranar da doka ta yarda ta miƙa. Ba ni makullin motar."

Minti arba'in suka yi a tsaye kafin ya miƙa.

Ranar Litinin ta rufe ƙofa ta juya kan lauyar. "Lauya, in dattijo ya gyaɗa miki kai, ba yarda ya yi ba, kunya ce. Ki tambaye shi inda za shi gobe." Ryu da kanta ta ba da wannan labarin.

Ke ce mai jin abin da ba a faɗa ba, Samujang, ranki ya daɗe. Ke ce ba ki taɓa ce wa dattijo al'adarsa shirme ba ce, ba ki kuma bar shi ya shiga kurkuku da ita ba. Sunanki ba ya kan allon ofis, ba ya cikin takardar kotu ko ɗaya. Mun gode.

'Ya'yanmu masu jin harsunan biyu suna gudun irin wannan kujera, suna ganin ta yi musu ƙanƙanta. Su sake dubawa. Mako shida ana tallar aikin, mutum biyu suka nema, babu wanda zai iya tsayar da dattijo a filin mota.

Pyo bai daina tambayar ina babban lauya yake ba. Wani surukinsa ya ba shi lambar wani lauya Bature a Manhattan, ya kuma gaya masa har yanzu zuwa ba da haƙurin ne daidai. Za a saurari shari'ar ranar sha tara ga wata, kwana goma sha ɗaya bayan tafiyar Madam Byeon. Akwai Asabar biyu a ciki, kuma babu mai bin sa filin mota in ya sake sa kwat.