Bushiya da Surukinsa a Sabon Jirgi

Kakata, wadda muke ce wa Dada, ba ta taɓa ganin jirgin sama a ƙasa ba. In ya gifta ta saman ƙauyenmu Sahuda sai ta kāre ido da tafin hannu ta ce, "Allah ya sauke bayinsa lafiya," ta ci gaba da tsince gyaɗarta. Amma ita ce ta koya mini yadda ake zama a cikinsa, ko da yake sai da na yi furfura na gane haka.

In an gama girbi, sanyi ya fara saukowa daga duwatsu, akan tara karan dawa a hura a tsakar gida bayan sallar isha'i. Dada ta jawo 'yar kujerarta ta katako, wadda zama ya lotsa tsakiyarta daidai jikinta, mu kuma mu kewaye ta muna tura rogo cikin toka. Fulatanci ne harshenta, amma da yake akwai yaran maƙwabta 'yan ƙabilar Gude da 'ya'yan wani ɗan kasuwa daga Borno, da Hausa take yi mana tatsuniya. Hausar Dada kuwa ba ta san mace ba. Kowa namiji ne a bakinta, har ita kanta tatsuniyar.

"Ga shi nan, ga shi nanku," haka take farawa.

Wani yaro da ya zauna Kano ya taɓa gyara mata. "Dada, ga ta nan ake cewa. Tatsuniya mace ce."

"Na uwarka ne mace," in ji ta. "Nawa namiji ne. Zauna."

Wadda muka fi roƙonta ta maimaita ita ce ta Bushiya da surukinsa Kwaɗo, kuma yadda ta faɗa haka zan faɗa. Ana biki a tsallaken mayo, wato kogi, ga shi ruwa ya cika ya batse. Sai Shamuwa ya samo sabuwar ƙwarya, ya ɗaura mata igiya, ya ce zai riƙa ɗaukar mutane ta sama yana tsallakar da su. Kowa ya zo yana shafa ƙwaryar yana yaba santsinta.

"Dada, ai Kwaɗo ya iya ruwa," wani zai ce.

"Ya sa sabon riga. Kai in ka sa sabon riga kana shiga mayo?"

Shamuwa ya ce bibbiyu za a zauna don kada ƙwarya ta karkace. Da aka jera, sai Bushiya ya tsinci kansa kafaɗa da kafaɗa da uban matarsa. Kunya ta kama shi. Ya ce bari ya ƙanƙance jikinsa don kada ya taɓa babba, sai ya dunƙule. To, bushiya in ya dunƙule ƙayoyinsa miƙewa suke yi. Suka soki Kwaɗo a haƙarƙari. Kwaɗo shi ma kunya ta hana shi cewa wayyo a gaban mijin 'yarsa, sai ya riƙe numfashi ya kumbura. Yana kumbura, ƙaya tana ƙara shiga. Bushiya ya ji ya taɓa suruki, ya ƙara dunƙulewa. A nan Dada takan cika kumatunta da iska ta zaro ido, mu kuma mu faɗi muna birgima har wani ya taka toka mai zafi.

Ƙwarya dai ta kife a tsakiyar mayo. Bushiya bai iya ruwa ba, dole Kwaɗo ya goya shi zuwa gaɓa, duk 'yan biki suna kallo.

"Wanda ya ƙi haɗa kafaɗa da suruki, sai ga shi a bayansa kamar jariri," in ji Dada. "Ya ƙare. Ku tashi ku yi fitsari kafin ku kwanta."

Mu a lokacin kumatun Dada kawai muke jira.

Na girma, na dawo cikin Mubi, na kafa injin niƙa, na auri Hajara. Mahaifinta Bafulatani ne na sosai. Ba na faɗin sunansa, ko a takardar nan ba zan rubuta ba, Baba nake ce masa. Tun da na auri 'yarsa ba mu taɓa zama a tabarma ɗaya ba, ban taɓa cin ko goro a gabansa ba, shi ma haka. Akwai ranar da kwandastan motar kasuwa ya cusa mu a layi ɗaya. Baba ya sauka ya kama hanya da ƙafa har gida.

Bara cutar yanar ido ta rufe masa gani, har ya zama inuwar mutum kawai yake gani. Ɗansa da ke aiki a Abuja ya samo likitan da zai yi aikin, aka sa rana, ya ce tafiyar mota za ta wahalar da tsoho, ya sayi tikitin jirgi daga Yola. Sauran 'ya'yan maza suna Kamaru da shanu. Hajara ta dube ni.

"Kai da ka shiga ajin yaƙi da jahilci, ai sai ka raka shi. Ko karatun na rubuta sunanka a bangon shago ne kawai?"

A lokacin rediyo ya cika mana kunne da tallar sabon jirgin da wani kamfani ya kawo don gajeren zango. Wai kujerunsa bibbiyu ne, babu mai zaman tsakiya, ga laushi, ga wurin miƙe ƙafa. Na ji daɗin labarin laushin, don Allah ya ba ni jiki. Maganar bibbiyun ce ban tsaya na auna ba.

Daga Mubi zuwa Yola babu matsala, Baba yana gaba, ni ina can baya da buhunan wake. A filin jirgi wata ma'aikaciya ta kama hannunsa ta hau da shi, ni kuma na bari kowa ya shige kafin na bi. Jirgin sabo ne fil, yana ƙamshin sabuwar katifa. Na bi layi ina duba lambar da ke tikitina ina gwada ta da waɗanda ke saman kujeru, ina jin daɗi a raina cewa babu wanda na tambaya. Na samu lambata. Na duba ƙasa, sai ga Baba a jikin taga, kujerar kusa da shi babu kowa. Lambarmu ɗaya, harafi ne kawai ya raba mu. Ban taɓa jin haushin iya karatu ba sai ranar.

Na ja ma'aikaciyar gefe na yi mata raɗa. "'Yata, a taimaka a sauya mini wuri. Surukina ne."

"To ai shi ya sa aka haɗa ku, Malam. Ba ya gani sosai, dole nasa ya zauna kusa da shi. Jirgi ma ya cika."

Na tuna motar kasuwa. In Baba ya gane ni ne, sauka zai yi, kuma ba a zuwa Abuja da ƙafa. Ranar likita ta wuce ke nan, ido kuma ya tafi. Sai na yanke shawarar in zauna shiru kamar baƙo, tunda inuwa kawai yake gani.

Kujerar tana da laushi, gaskiya ne, amma rabinta kawai na ɗanɗana. Na ɗora gefe ɗaya na jikina, sauran na bar shi yana lilo a kan hanya. Na tsuke ciki, na tattare babbar rigata, na harɗe hannuwa a ƙirji. Duk wanda ya wuce sai ya yi karo da gwiwata. A ƙoƙarin kaucewa na danne wani maɓalli a hannun kujera, bayanta ya kwanta da ni, matar da ke bayana ta ce, "Malam, cinyata ba gado ba ce." Na zabura na dawo, gwiwar hannuna ta sauka a haƙarƙarin Baba.

Ya ja numfashi ya riƙe. Na ƙara tsukewa. Da yake hannuwana a harɗe suke, duk lokacin da na tsuke sai gwiwar hannun ta ƙara fitowa waje. Na sake zungurarsa.

"Bawan Allah," in ji Baba, fuskarsa tana wajen taga, "ƙaya gare ka ne?"

Wallahi a take na ji ƙamshin karan dawa yana ci, na ga kumatun Dada. Na saki numfashi, na warware hannuwa, na koma cikin kujerata gaba ɗaya. Kafaɗata ta jingina da tasa, jirgi kuma bai kife ba. Ashe kujerar ta ishe ni tun farko, har da wurin ƙafa kamar yadda rediyo ya faɗa.

"Daga ina?" ya tambaya.

Na ƙanƙance murya kamar mai mura. "Daga nan kusa."

"Madalla. Wannan igiyar fa, yaya ake da ita?"

Na ɗaura wa surukina bel a ƙugu da hannuna, ina kallon rufin jirgi. Da jirgin ya fara gudu ya ɗaga kai sama, Baba ya damƙe hannuna yana salati, bai saki ba sai da muka daidaita a cikin gajimare. Daga nan ya shafa kujerar ya danna ta da yatsa.

"Kujera ɗaya, mutum ɗaya. Almubazzaranci. A motar zuwa garin Belel da mu huɗu ne a nan, da akuya."

Aka kawo burodi da lemo. Tun asuba bai sa komai a ciki ba, don ina tare da shi. Yanzu kuwa ya karɓa ya gutsura, ya ce, "Ci mana, bawan Allah. Ai ba surukinka ba ne ni." Na ci. Ban taɓa tauna burodi a hankali haka ba.

"Ina da suruki a jirgin nan," ya ci gaba, "yana can baya. Mai injin niƙa. Ƙato ne kamar rumbu, ban san yadda kujerar nan za ta yi da shi ba. In yana magana sai ka ce da inji yake gardama. Ga shi da girmansa ya je ya zauna a benci yana a, ba, ca." Ya kurɓi lemo. "Amma 'yata ba ta taɓa dawowa gida da kuka ba. Ko sau ɗaya. Ban taɓa gaya masa ba, ba a faɗa."

Na haɗiye burodin. Na ce, "Uhm," da muryar mai mura.

Tafiyar ba ta da tsawo. Da muka sauka a Abuja na kwance masa bel, ma'aikaciyar ta zo ta kama hannunsa. Ya miƙe, ya gyara hula.

"Bawan Allah, in ka ga surukin nan nawa a waje, ka gaya masa ya riƙa kaɗe hularsa. Tun daga ƙofar jirgi ake jin ƙamshin dusa."

Aikin ido ya yi kyau, alhamdu lillahi. Amma ni tun a asibiti nake tunanin komawa, don yanzu Baba yana ganin har zaren da ke wuyan rigata, kuma tikitin dawowa ma lamba ɗaya ne. Ranar tafiya ya riga ni shiga. Na iso na tsaya a kansa kamar wanda aka kafa. Ya ɗago ya dube ni sarai da sabon idonsa, sannan ya jingina da kujera ya rufe idanun duka biyu.

"Likita ya ce in riƙa hutar da su," ya gaya wa taga. Na zauna. Kafaɗarmu ta haɗu. "A'a, bawan Allah, kai ne kuma? Yaya iyali?"

Muna yara mun ɗauka wautar Bushiya ce abin dariya. Yanzu ina ganin Dada da gangan ta sa Kwaɗo ya kumbura, don laifin na su biyu ne: kowa yana kare mutuncin ɗan'uwansa har suka kifar da ƙwarya. Ba ta ce mu yar da kunya ba, ita ma ba ta taɓa kiran sunan kakana ba har ta koma ga Allah. Abin da Kwaɗonta ya rasa shi ne dabarar Baba, ya rufe ido ya bar yaro ya miƙe ƙafa.

A gida mun koma yadda muke. Yana kan tabarmarsa, ina durƙushe daga nesa, ba goro ba ruwa. Sai dai wani lokaci in jirgi ya gifta ta saman Mubi, yakan ɗaga kai ya bi shi da kallo, ya ce wa Hajara, ni kuma ina ji, "Na taɓa haɗuwa da wani bawan Allah a cikin wannan. Mutumin kirki. Sai dai cin wuri."