Layi Huɗun Etelka

Etelka tana da shekara goma sha ɗaya uwarta ta fara hawa da ita gonar inabi a kan tudu. Ta ɗaura mata ƙaramin bokiti a ƙugu, ta ce, "Bar masu kyau, 'yar nan. Munanan muke nema." Yau shekara sittin ke nan tana neman munana.

A garinmu na bakin kogin Bodrog, in kaka ta yi nisa, hazo kan taso daga ruwa da asuba ya kwanta a kan inabi, rana ta fito da hantsi ta busar. In aka jera kwanaki haka, wata fumfuna mai launin toka takan kama 'ya'yan, su yanƙwane su koma kamar zabibi, ruwa ya tafi zaƙi ya tsaya. Su ne aszú, da su ake yin giyar da ta sa aka san mu. Ba a sa musu almakashi. Da yatsa ake cirewa, ɗaya bayan ɗaya, mai saurin hannu ma da kyar take cika bokiti a yini.

Etelka ta tsinta wa gonar gwamnati, ta tsinta wa kamfanonin da suka zo bayanta. Ta auri Kálmán direban tarakta, ta binne shi, ta haifi 'ya ɗaya, Jolán, wadda ke aikin jinya a birnin Miskolc. Abin da ta mallaka a duniya ban da gidan, layi huɗu ne na inabi a bayan ƙaramar majami'a. Ba ta da yawan magana, amma in aka taɓo hazo sai bakinta ya buɗe. Takan ce a cikinsa ba ka ganin kowa, sai muryoyi. Mata ashirin a tudu ɗaya, kowace kamar ita kaɗai ce a duniya, wata ta ɗauko waƙa can sama, wata ta amsa daga ƙasa. Yawancin matan nan suna maƙabarta yanzu, amma ita ta rantse in hazo ya yi kauri tana jin tarin uwarta layi biyu daga inda take.

Bara yatsunta suka fara lanƙwashewa, maɓallin riga ma sai an yi kokawa. Jolán ta yanke hukunci: kafin sanyi uwar za ta koma wurinta, a bene hawa na huɗu, ga asibiti kusa. Etelka ba ta yi gardama ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa, sai ta tsinci layukanta tsinta ta ƙarshe da hannunta.

To, shekarar ta zo da taurin kai. Rani ya ƙi tafiya. Inabi ya nuna tun Satumba, kowa ya yanke nasa ya matse, tudu ya zama fayau sai layi huɗun nan. Kullum da asuba Etelka ta gangara bakin kogi ta tsaya tana shaƙar iska, kogin kuwa ya janye ya bar taɓo a tsattsage, ko raɓa babu. Da rana ta zauna a kujerar ƙofar gida ta yi gyangyaɗi, ta ga hazo ya shigo ta ƙarƙashin ƙyaure, ya hau tebur, ya cika kwanuka. Ta farka, rana tana dukan bango.

Ana nan sai bikin girbi ya matso. Da can namu ne bikin, yanzu na baƙi ne, kuma ba na ƙorafi, da shi rabin garin ke cin abinci. Ana sa dawaki a keke, 'yan mata su sa jan siket, a rataya tukwanen miyar nama a dandali, a buɗe ɗakunan giya na ƙarƙashin ƙasa. Mai riƙe da ragamar abin Dezső ne, ɗan wan marigayi Kálmán, mai masaukin baƙi, mutum mai tumbi da waya biyu. Tun bazara ya yi wa baƙi bas guda alkawarin za su yanki inabi da hannunsu. Ga biki jibi, ga tudu babu inabi.

Ranar Alhamis ya zo da kwalba a hammata.

"Inna Etelka, na zo roƙo, ba na ɓoyewa."

"Da ganin kwalbar na sani. Yaushe rabon da ka tako nan ba bukata?"

"Inna, mutum arba'in. In ba layukanki ba, me zan ba su su yanka, gashin bakina?"

"Da ka rage shi, ya yi yawa."

Ya yi dariya, sannan ya sassauta murya. "Tsakani da Allah, kin ga alamar hazo bana? In kika bar shi, tsuntsaye za su cinye. Gara a ce ya shiga ganga."

Ta kalli kogi ta taga. Gwiwarta da ke gaya mata sauyin iska tun mutuwar Kálmán ta yi shiru. Ta gaji da jira, gaskiyar ke nan, kuma yaron jininsu ne. Ta ɗauko kofi biyu. A wurinmu in an yi magana aka sha a kanta, ta ƙullu, ko da gona ce ko doki. Suka haɗa kofi, suka sha.

Asabar da asuba ta buɗe ƙofa ba ta ga shingenta ba.

Fari fat, ko'ina. Ƙamshin kogi da jiƙaƙƙen ganye ya cika mata hanci. Ta hau tudu da lalube, ta tsaya tsakanin layuka, 'ya'yan inabi sun yi sanyi, ruwa na ɗiga daga kowane. Kwana goma kawai suke bukata. Ta tsaya nan har ta ji ƙarar bas a ƙasa, sannan ta ji wani yana haki yana hawowa.

"Inna," in ji Dezső, hularsa a hannu, "na gani. Bari in kai su ɗakin giya, in cika musu ciki, ba wanda zai tuna da almakashi."

Ranta ya so, ya so ƙwarai, har ta buɗe baki. Sai ta ce, "Mun sha ko ba mu sha ba?"

"Mun sha, amma ni ne na ce na yafe."

"Kai ka yafe. Ni da bakina na haɗiya. Kawo mutanenka."

Da ni ce da na karɓa, Allah ya sani. Amma Etelka halin uwarta ta ɗauko. Ita ta raba almakashi, ita ta nuna musu inda ake kamawa. Baƙin mutanen kirki ne, suna ta murna da hazon, suna ɗaukar hoto, wata ma ta rungume ta. Kafin azahar layi huɗu sun tashi.

Hazon bai fasa ba. Sati uku yana zuwa kowace safiya, tsofaffi suka ce rabonsu da irinsa tun suna samari. Kullum Etelka ta hau tudu ta bi layukan da ba komai, tana shafa ganye. Ba ta yi wa kowa kuka ba, amma ta rame, kuma Dezső ya daina bi ta ƙofarta don kunya.

Ranar da Jolán ta zo da mota, an gama ɗaure kaya, aka nemi tsohuwa aka rasa. Tana can layi na uku. A gindin wani turke, bayan ganye, ta sami nonon inabi guda da baƙi suka tsallake, ya yi toka, ya yanƙwane yadda ake so. Ta durƙusa, ta shimfiɗa gyale a cinya. Yatsun suka ƙi, ta lallaɓa su. Ta ciro ɗaya ta ajiye, ta huta, ta ciro na biyu. Duka ba su cika tafin hannu ba, kuma ba ta ga dalilin sauri ba.

Daga ƙasa aka danna hon. Muryar Jolán ta ratso hazo.

"Mama, rana na yi. Me kike yi a can?"

"Jira ni," in ji Etelka, ba ta ɗago kai ba. "Aiki nake."