Duwatsun Gonar Baba Kaumi

Shekara talatin ke nan Baba Kaumi yana haƙa kabari a maƙabartar unguwarsu, Yerimaram. Mutum ne mai shegen bin ƙwaƙƙwafi; ko gawa aka kawo sai ya ji ɗan wane ne, kwana nawa ya yi a kwance. Mutanen Potiskum kan ce da ƙasa na da baki, da tuni ya ishe ta da tambaya.

Abu ɗaya ne ya gagare shi. A gonarsa ta gado, kan hanyar Gadaka, akwai wasu baƙaƙen duwatsu da aka jera zobe, tsakiyarsu ta ɗan yi tudu. Mahaifinsa bai taɓa sa fartanya a wurin ba, ya ce haka ya tarar. Kaumi ya tambayi tsofaffin Ngizimawa, suka ce ba nasu ba ne. Karekare da Bolawa ma suka ce zuwa suka yi suka iske. Shi kuwa da ko ƙafa ya ɗora yakan gane ƙasar da aka taɓa tonawa, ya tabbata mutum ne kwance a ciki. Wane ne? Ina aka fuskantar da shi? Matarsa Hansatu har ta gaji, takan ce ga diga ga shebur, ya je ya tona ya huta, ita ma kunnenta ya huta.

Wata damina ruwa ya zaizaye gefen tudun. Da safe Kaumi ya tarar bayan wata tukunya ya leƙo. Ya durƙusa, ya share laka da yatsa. Fasassun tukwane ne, an kifa su ɗaya kan leɓen ɗaya, an liƙe tsakaninsu da yumɓu don kada ƙasa ta zubo wa mamaci, daidai yadda shi ma yake yi. Har gurbin babban yatsan mai liƙin yana nan. Ya sa nasa a ciki, ya zauna daram.

Tukunya ɗaya kawai zai ɗaga ya ga abin da ya daɗe yana nema. Sai kunya ta kama shi, irin ta wanda aka ritsa zai ɓata aikin abokin sana'a. Ya kwaɓa laka ya liƙe, ya mayar da ƙasa, ya jawo ƙaya ya ɗora.

Da ya koma gida ya ba Hansatu labari, ta tambaye shi wa ya gani, sai ya ce, "Ban ga mai ɗakin ba. Na dai gaisa da wanda ya rufe masa ƙofa."