Goshin Dawuda Mai Tsire

Shekara talatin da ɗaya Dawuda ya yi yana gasa tsire a titin Mansur da ke Makka, kuma tsinken da ya fara sauka daga wuta kullum nasa ne. Haka ya gada daga ubansa, wanda ya zo aikin hajji daga Kano ya zauna: mai tsire ba ya sayar da abin da bakinsa bai shaida ba. Sai dai shaidar Dawuda ba ta tsayawa a tsinke ɗaya. In ya ci na farko sai ya ce bai ji gishirin sosai ba, ya kira na biyu.

Tumbi ya yi gaba, gwiwoyi suka yi tawaye. Shekara uku ke nan yana salla a kan kujerar roba a gefen sahu, cikin tsofaffi sa'annin ubansa. Abin yana cin ransa ƙwarai. Mutane suna sayar da gona su zo su ɗora goshi a ƙasar Makka, shi kuwa da aka haifa a nan, goshinsa a iska yake tsayawa. Ba ya son komai a duniya kamar ya sake yin sujada irin ta kowa.

'Yarsa Lujain, wadda ke aiki a wani kantin magani a unguwar Shisha, ita ta nuna masa bidiyon a waya. Wata siririyar Baturiya ce a ƙasar ƙanƙara, tana naɗe jikinta kamar tabarma.

"Yoga sunansa, Abuya," in ji Lujain da Hausarta mai jan Larabci. "Ya'ani miƙa ce, amma a ɗaki mai zafin digiri arba'in. Kuma matar ba ta cin abin da wuta ta taɓa."

Dawuda mutum ne da in aka ba shi ƙa'ida zai bi ta har ta gaji da shi. Ya sayo ma'aunin zafi, ya hau ɗakin shirgi na saman bene a tsakiyar watan Agusta, ya rataye shi a ƙusa. Arba'in da bakwai. Ya sake kallon bidiyon. Matar arba'in ta ce, ba ta ce arba'in da wani abu ba. Washegari ya kira mai gyara ya cire mukayyaf, na'urar sanyin da ke ɗakin kwanansu, aka kai ta sama.

Matarsa Mairama ta tsaya a bakin ƙofa tana fifita da murfin tukunya. "Baban Lujain, sanyin namu ka ɗauke don ka je ka yi zafi da shi?"

"Zafin ne ya wuce ƙa'ida," ya ce. "Rage shi nake yi."

Sai kuma maganar alƙibla. In ya fuskanci Ka'aba yana wannan sunkuye-sunkuyen, za a ce Dawuda ya ƙirƙiro sabuwar salla. In ya juya baya, to ga inda mazaunansa suka nufa, kuma wannan rashin kunya ba da shi ba. Ya kai ƙara wurin amininsa Kabo, mai tura keken marasa ƙarfi a Harami, wanda ya yi nazari, ya yanke cewa a kaikaice za a yi. To ɗakin a kaikaice bai kai tsawon Dawuda ba. Duk matar da ta hau shanya da hantsi sai ta ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙofa suna rawa, ta yi musu sannu ta wuce.

Abincin ya fi ba shi wahala. Ya koma cin abin da ake yi wa tsire rakiya da shi: albasa, tumatir, kabeji, kokwamba. Masu saye suka fara ƙorafin albasa ta ragu a takarda. Ga kuma tsinken farko, wanda dole a shaida. Dawuda ya tuna yadda mai azumi ke ɗanɗana miya, sai ya riƙa tauna naman, ya lumshe ido, ya tofar a gwangwani. Shi a wurinsa ya warware matsala. Mai saye kuwa da ya ga mai tsire ya tofar da tsirensa, ba ya tsayawa jin bayani. Cikin mako biyu layin ƙofar shagon ya watse.

Mairama ce ta ceci sana'ar. Ta sa abaya, ta jawo kujera bakin shago, ta karɓi aikin shaida. Ita ma, Allah ya ba ta haƙuri, ba ta jin gishiri a tsinken farko. Dawuda na ramewa, ita tana cika, har maƙwabta suka ce nauyin gidan yana nan yadda yake, ɗaki kawai ya sauya.

Da sanyi ya shigo ma'aunin ya faɗi zuwa talatin, Dawuda ya shiga damuwa. Ya bi gidan lungu-lungu da ma'auninsa, bai sami arba'in ba sai a bayan murhun tsirensa. Nan ya shimfiɗa tabarma. Kitse na ɗiga a garwashi, ƙamshi na shiga hancinsa, shi yana tsaye a ƙafa ɗaya da kokwamba a aljihu, hawaye na zuba, yana cewa hayaƙi ne. Masu saye suka dawo, har da waɗanda ba su taɓa cin tsire ba, don kallo.

Wata na bakwai da farawa, ran wata Talata da la'asar, ya shiga masallacin unguwa ya wuce kujerar bai kalle ta ba. Ya tsaya cikin sahu kusa da Kabo. Liman ya yi kabbarar sujada. Gwiwar dama ta yi ƙara, ta hagu ta amsa, tafukansa suka sami darduma, sannan goshinsa ya sauka. Sanyin ƙasa ya ratsa shi har cikin ƙirji.

Liman ya ɗago, sahu ya ɗago, Dawuda bai ɗago ba. Matar bidiyon sauka ta koyar, ba ta taɓa nuna yadda mai nauyinsa ke tashi ba. Ya gwada sau biyu, gwiwoyin suka ce sun gama nasu. Aka yi raka'a huɗu a gefensa, aka sallame, yana nan.

Kabo ya yafito mutum biyu, suka kama shi ta hammata. Sai suka ji kafaɗunsa na girgiza, dardumar da ke ƙarƙashin fuskarsa ta jiƙe.

"Ku bar ni tukuna, Kabo," ya ce, muryar na fitowa daga cikin darduma. "Ina da maganar shekara uku, ban kai rabi ba."

Kabo ya sallami mutanen. Ya zauna a gefensa ya miƙe ƙafa, yana nuna wa masu fita su zagaya.