Bakin Dattijo Ya Buɗe

Shekara goma sha tara yana tuƙa manajan kamfanin, kuma duk ofishin babu wanda ya kai shi suna wajen kamun kai. Dattijo suke ce masa tun bai yi furfura ba. Ba ya dariya, ba ya gulma. In ka gaishe shi sai ya kawar da fuska ya amsa ƙasa-ƙasa, hannu a kan baki. In masinja da mai gadi suka kaure, shi ake kira, ya gyaɗa kai sau biyu, kowa ya watse yana cewa, "Kai, bawan Allahn nan akwai zurfin tunani."

Zurfin tunanin nan kuwa a dasashi yake. Kullum ya goge baki sai jini ya biyo kumfa. Da yake mai hikima ne, sai ya gano laifin buroshi ne, ya rage goge bakin. Warin baki ya ƙaru, haƙoran gaba suka fara lilo, shi kuma ya ƙara shiru, mutuncinsa ya ƙara hauhawa.

Asirinsa ya tonu ranar da ya gatsa burodi, haƙori ɗaya ya zaɓi zama a cikin burodin. 'Yarsa ta fari, mai aikin jinya, tana zaune.

"Baba, buɗe bakinka in gani."

"Ke, ni kike ba umarni?"

"Yi haƙuri, buɗe dai."

Ta leƙa, ta ja da baya. Washegari ta tasa shi gaba sai wurin likitar haƙori.

"Ni fa ban taɓa ciwon haƙori ba," ya gaya wa likitar da alfahari.

"Gaskiyarka, Baba. Haƙoran ƙalau suke. Ƙashin da ke riƙe da su ne ya zaizaye."

Mutumin da bai taɓa barin ranar juyen man mota ta wuce ba, yau ga shi kwance ana koya masa riƙon buroshi. Zama huɗu aka yi ana kankare dattin da ya daskare ƙarƙashin dasashinsa. Aka cire masa uku. Ya so a dasa masa sababbi nan take, likita ta ce sai dasashi ya warke tukuna. Bayan watanni ta kafa masa kusoshi a ƙashin muƙamuƙi, ya sake jiran wata huɗu kafin a ɗora haƙoran.

Ranar da ya dubi madubi ya ga baki a cike, sai da ƙwalla ta zo masa. Washegari ya shiga mota ya ce wa manaja, "Yallaɓai, ni fa tsarin nan naku na ƙarin girma ban gane masa ba."

Ashe Dattijo yana da ra'ayi a kan komai: ƙwallo, tarbiyyar 'ya'yan manaja, turaren sakatariya. Yana ba da labari, ya riga kowa dariya, ya sake maimaitawa daga farko. Manaja ya daure wata biyu, sannan ya kira shi ofis, ya yaba wa ƙwazonsa, ya ba shi motar kai kaya, wadda ba ta ɗaukar fasinja.

Dattijo ya yi godiya har da rusunawa. Yanzu duk inda ya tsaya sauke kaya, matarsa yake kira a waya.

Rannan matar ta ja 'yarsu mai aikin jinya gefe. "Don Allah tambayo mini likitar nan, kusoshin nan ana iya kwance ko guda ɗaya?"